Goro Goma da Akuyar Baba Ruwa

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Matan layinmu na Banikanni in sun shigo gaisuwa sai su ce in ba su labarin ruwan da na je gani, daga nan idonsu ya koma kan akuyar da ke ɗaure a gindin mangwaro, su ce ita kuma daga ina. Na fara faɗa sau biyu, sau uku, kullum kuka ke tare ni a tsakiya. Shi ya sa na ce wa Hadiza, 'yata ta uku, ta ɗauko takarda, tunda ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. In faɗa a hankali ta rubuta, in kukan ya zo mu jira shi ya wuce.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shofer ne. Sunansa ban faɗa yana raye ba, ba yanzu zan fara ba. Mu mutanen Jugu ne, kakanninmu fataken goro. Shi bai bi goro ba, mota ya bi. Kusan shekara talatin yana ɗaukar annasara masu yawon buɗe ido a wata jar motar shiga daji, kat-kat, ya kai su dajin namun daji na arewa, a hanya ya ratsa da su wani ruwa da ke faɗowa daga kan dutse can bayan garin Nati. Shoferori Kaskad suke ce masa. Ruwan nan shi ya ci da mu. Kwanon ɗakinmu, keken ɗinkina, karatun wannan da ke rubutu, har kujerarsa ta Makka, duk daga nan suka fito. Ni kuwa ban taɓa ganinsa ba sai a hoton da wata baturiya ta aiko, Maigida a tsaye yana dariya, farin abu a bayansa kamar an shanya zane. Kullum sai ya ce in rani ya yi zai kai ni, ranin kuwa shi ne lokacin aikinsa.

Ya kan ce kuɗin annasara halin ruwan gare shi, daga sama yake zubowa. Masu ofis a Kotonu su tare nasu, otal a Nati ya tare, mai mota ya tare, shofer ya samu, mutanen ƙauyen da ruwan yake nasu kuwa feshin kawai ke taɓa su. A ƙauyen akwai wani tsoho da ke zama a gindin ɗorawa, daidai inda hanya ke gangarawa. Shi ne mai kula da wurin tun kakanni, shoferori na kiransa Baba Ruwa. Ba a wuce shi hannu biyu. Wani ya ba shi gishiri, wani taba. Maigida goro yake ba shi, farare guda goma, duk tafiya. Ni ke zaɓa, in naɗe a ganye, in ɗaure da zare in yi ƙulli biyu a gefe guda, yadda kakata ta koya min.

Shekarar da ya dawo daga Makka na je walimar wani biki, wata mai wa'azi ta ce duk abin da aka ba masu tsaron ruwa da duwatsu, iskoki ake ciyarwa. Maganar ta zauna min. Ranar tafiyarsa ya miƙo hannu zai karɓi ƙunshi, na ce babu, Alhaji guda ba ya kai wa iska goro, ba dai da hannuna ba. Ya dube ni, bai yi musu ba, ya ɗauki makullinsa ya fita. A shekarar ce kuma aka kafa ƙofa aka fara yankan tike, aka ce kuɗin na meriya ne, wato ƙaramar hukuma, da na ƙauye. Na ce ka gani, ai an biya su ke nan.

Shekara shida yana wuce tsohon ba tsayawa. Sau ɗaya ya taɓa ce min har yanzu in tsohon ya ga motar yana ɗaga hannu, shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya taka mai. Daga baya ciwon sukari ya ci idonsa, aka sayar da motar, muka dawo nan Faraku wurin Hadiza. Kwana uku kafin rasuwarsa ina ba shi koko ya riƙe hannuna ya ce, "Ki kai wa Baba Ruwa goronsa. Ki ce ya yafe min." Bai ce laifina ba ne. Da ya faɗa, da ya fi min sauƙi.

Da na fita takaba na ce zan tafi. Hadiza ta ce in bari ta sami hutu, na ce tsohon nan ba jira na yake ba, ni ma ba a yi min alkawarin baɗi ba. Ta so ta sayo min goron a kasuwar Arzeke, na ce a'a, 'yar Jugu ba ta kai goron Faraku gaisuwa.

Wahala daga ƙofar gida ta fara. Mai zem, wato babur na haya, da zai kai ni tasha ya ce sai na sa hular kwano, doka ce. Aka kifa min ita a kan ɗankwali da mayafi, ba na ji ba na gani, warin gumin mutum ɗari a ciki. Har muka isa ina salati, shi yana zaton tsoron babur nake ji. A tasha aka cusa mu huɗu a kujerar baya. Kusa da ni wani bayerabe ne mai sayen kashu, bakinsa bai huta ba, ya ci gyaɗa, ya ci dafaffen ƙwai, da muka tsaya wajen gadar Beteru ya sayi soyayyen kifi. Amma mutumin kirki ne, duk abin da ya saya sai ya miƙo min ya ce Mama bisimilla. Shofer ɗin ne ya ɓata min rai. Yadda yake sa giya motar na kuka kamar ana yanka ta. Maigida in ya canza giya, shayi a kofi ba ya motsi. Ina wannan tunanin hawaye suka zo, bayeraben ya zaci yaji ne ya ba ni ruwa. 'Yan sanda sun tsai da mu sau ɗaya, wanda ya karɓi katin shaidata ya dubi hoto ya dube ni, ya ce wannan ƙanwata ce. Na ce ni ce, lokacin ina da miji.

A Jugu na sauka wurin Laraba, ƙanwar Maigida, mai sayar da wagashi, cukun Fulani, a kasuwa. Tun ina amarya muke wasa da ita, har yau bakinta bai mutu ba. Ta rungume ni muka yi kukanmu, tana share ido ta ce matar yaya, Faraku ta mai da ke ƙashi, ko tuwon can da awo ake ba ku. Ta daka sakwara da miyar gyaɗa, ta soya wagashi a kai. Ban ci abinci irin na ranar ba tun rasuwar. Da la'asar na ce ta raka ni tsohon gidanmu. Zauren da Maigida ke ajiye motar an mai da shi shagon waya, amma tabon baƙin mai na nan a ƙasa, siminti bai rufe shi duka ba. Na tsaya a kai har mai shagon ya fito ya tambaya ko caji nake so.

Da safe muka shiga layin 'yan goro. Na zauna na zaɓi goma da hannuna, mai goron ya ce rabonsa da ganin mai juya goro haka tun zamanin tsofaffi. Na naɗe, na yi ƙulli biyu. Hannuna bai manta ba. Nan na faɗa wa Laraba gaskiyar abin da ya kawo ni, ban taɓa faɗa wa kowa a danginsa ba. Ta ce ba za ta bar ni in je ni kaɗai ba, kada arnan su ga tsohuwa ba mai ita su riƙe.

Hanyar Nati hawa ce da gangara. A Nati muka wuce otal ɗin da Maigida ke kwana a cikin mota yana jiran baƙinsa, filin ba kat-kat ko ɗaya, sai awaki. Mu a zango muka sauka, gidan wata Hajiya da Laraba ta sani ta wajen ciniki. Ta ba mu ɗakinta ta koma na jikoki, ta ƙi karɓar ko sisi. Ita ta ce mana tun da aka fara jin labarin masu bindiga can wajen daji annasara suka ɗauke ƙafa. Shoferori wasu sun koma ɗaukar auduga, masu sassaƙa sun koma gona, ita ma da take kai wa otal ƙwai yanzu sai kasuwa.

Mutanen wajen nan al'adarsu daban. Na ga gidajen ƙasa masu hawa biyu, dabbobi a ƙasa, mutane da rumbu a sama. Na ga tsofaffin mata da lofe a baki, suna zaune da maza a kasuwa ana shan giyar dawa a ƙwarya ɗaya, ba mai kallon wani. Mu gawa ba ta kwana, in an yi sadakar uku da bakwai da arba'in an gama. Su, in ji Hajiyar, binnewa daban, bikin mutuwa daban, mutum ya kan yi shekaru yana tara abin yin sa. Na ji wannan ban riƙe ba, ashe zai dawo min.

Washegari masu zem biyu suka kai mu ƙauyen. Na ga ɗorawar tun daga nesa, na gane ta ba a nuna min ba, amma ba kowa a gindinta. Na ce a raina ko ya shiga gida. Ƙofar tana can gaba, wani magidanci na gyangyaɗi a rumfa da littafin tike a cinya. Da ya ji muna Hausa ya ce kuɗin baƙi za mu biya, na 'yan ƙasa daban. Laraba ta juye masa yaren Dendi, ta ƙara da na Yom, ta tambaye shi ko ubansa ya riga kakanta sanin hanyar Jugu. Ya yi dariya ya ce ya tuba, Inna, ya yanka mana na gida. Ya ce mu ne na farko a kwana huɗu, ban da wasu 'yan Kotonu da suka riga mu da safe.

Na so in tambayi labarin tsohon nan take, na ji tsoron amsar. Na ce mu fara ganin ruwan. Gangarar duk ciyawa ta cinye ta, da ledoji da robobin lemo, ina dafa Laraba tana dafa ni. Kafin mu gan shi muka ji shi. Da muka fito fili sanyi ya bugi fuskata, feshin nan da Maigida ke faɗa. Hoton bai faɗi komai ba. Na nemi dutsen da ya tsaya a kai, na same shi, na zauna. 'Yan Kotonun na can gefe da kular abincinsu da kiɗa a waya, ba abin da suka saya a wurin sai tike. Wata mata da ta kasa mangwaro ta ce da mata goma ne ke zama nan, ga maza masu tsalle daga kan dutse annasara na ba su kyauta, yanzu saura ita. Na ɗebi ruwan na yi alwala. Shekara talatin ina cin arzikinsa, sai ranar na taɓa shi, wanda ya ce zai kawo ni kuwa yana kwance a Faraku.

Da muka hau na tambayi mai tike ina Baba Ruwa. Ya ce ai damina huɗu ke nan da rasuwarsa. Na zauna a ƙasa da ƙunshin a hannu. Abu ɗaya Maigida ya roƙe ni a duniya, shi ma na makara. Mutumin ya ga halin da nake ciki ya ce matarsa na nan, in muna so ya kai mu.

Tsohuwa ce ƙarama, ta girme ni, tana zaune tana fasa ƙwaran kaɗe. Tana jin Dendin kasuwa, da shi muka yi magana. Ta tambaya matar wa ce, ni ba na faɗin suna, Laraba ta faɗa, ba ta san shi ba. Aka ce mai jar mota, ta ce jajayen motoci da yawa sun wuce nan. Sai na miƙa mata ƙunshin. Ta juya shi, ta sa yatsa a kan ƙullin, ta daɗe. Ta ɗago ta ce wa ya ɗaure wannan. Na ce ni. Ta ce da ma fa? Na ce da ma ni ce.

Ta ajiye dutsen hannunta ta kama fuskata da hannu biyu tana dubawa. Ta ce, "Ke ai kin mutu. Na yi miki kuka."

Laraba ta ce a'uzubillahi, ta ja baya. Tsohuwar ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce tun farko ta gaya wa mijinta wannan ɗaurin na mace ne, mace mai hankali. Ranar da motar ta wuce ba goro, shofer ya sunkuyar da kai bai gaisa ba, suka ce shi ke nan, mai ɗaurin ta tafi. Don a wurinsu wanda matarsa ta mutu haka yake yi, ba ya kyauta, ba ya tsayawa hira, sai ya yi mata bikin mutuwa, kuma ba a tambayarsa. Da shekaru suka ja suka ce talaka ne, bai tara ba tukuna. Hannun da tsohon ke ɗagawa gaisuwar ta'aziyya ce. Har ya ware 'yar akuya ya ce gudummawarsa ce ranar bikin, kada kowa ya taɓa. Ta nuna min wata ja mai farin goshi a bakin rumbu, ta ce waccan ta mutu, wannan jikarta ce, ita ta gaji alkawarin.

Laraba ta taɓa ni ta ce da Hausa, matar yaya, Allah ya rufa miki asiri, ki yi shiru mu tashi. Na so in bi maganarta. Amma an aiko ni neman yafiya ne, kuma ba a yafe abin da ba a sani ba. Na ce wa tsohuwar ban mutu ba, ko ciwon kai ban yi ba. Ni na hana. An ce min ruwa kuke ba goron, na ƙi ɗaurewa, Maigida kuma kunya ta hana shi tsayawa hannu wofi. Na ce ya rasu da abin a ransa, shi ya aiko ni.

Ta ɗauki dutsenta. Ta koma ta fasa ƙwara biyu, uku. Sannan ta buɗe baki ta nuna min sauran haƙoranta, jajaye, ta ce ruwa ba shi da haƙori. Ta ce ruwan kaza ake ba shi sau ɗaya a shekara, kuma su ke bayarwa, ba sa roƙon baƙo. Goron nan biyu na mijinta ne, ɗaya nata, sauran na matan da ke share gangara da cire ciyawa don kada baƙi su zame. Gishiri da tabar sauran shoferori ma haka ake raba su. Da tike ya zo kowa ya daina, aka ce rabon ƙauye na zuwa, an dai gina famfo ɗaya, amma mai shara ba ta taɓa ganin abin da za ta sa a baki ba, sai suka bar tsintsiya. Ta ce na ga hanyar ai. Na ce na gani.

Ta kwance ƙullin a hankali, ba ta tsinka zaren ba. Ta fasa goro ɗaya ta ba ni rabi. Ta ce, "Nawa da na masu shara na yafe, ni ce babbarsu da ta rage. Na mijina ba ni da iko da shi. Amma shi bai taɓa sanin an yi masa laifi ba, tausayin mijinki ya tafi da shi. Suna can, sa daidaita."

Na ci goron ina kuka, ita ma tana yi, ta ce wancan na banza ta yi, wannan ne na gaskiya. Da za mu tashi ta kwance akuyar ta sa min igiyar a hannu. Na ce ba zan iya ba, ni ce da kawo abu. Ta ce ba tata ba ce, shekara da shekaru tana ciyar da akuyar mutane, ta gaji.

Dawowa ba sai na ja ba. Akuyar ta hau zem a cinyar Laraba, ta yi mata fitsari, ta cinye gefen mayafinta kafin Nati. Laraba ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wadda ta je ta karɓo gudummawar mutuwarta da ƙafarta ba. A Jugu ta tambaye ni a hankali ko ya halatta a ci akuyar da aka ware don bikin arna. Na ce mata na taɓa jin irin wannan tambayar sau ɗaya, na ga inda ta kai ni. Na bar mata sallahu, duk wata ta nemi shofer mai zuwa wajen, ni zan riƙa aiko da ƙunshi daga nan. Goron Faraku ne, amma ɗaurin na Jugu.

Hadiza ta ce in shekarar babanta ta cika a yanka akuyar a yi masa sadaka. Na ce a'a, za a saya masa rago. Wannan ba tasa ba ce, da sunana aka ware kakarta tun ina da sauran ƙarfi. Ku da kuke tambaya, ga amsarku. Ranar da kuka zo nan kuka tarar ba ni, ita za a yanka. A cire cinya ɗaya a ba shofer ɗin Nati ya kai wa tsohuwar in tana raye, a ce mata wannan karon gaskiya ne.